Yadda ake riƙon gida idan al'amura suka dagule

Abincin mutanen Maradi yana rataye ne da abu biyu, damina da iyaka. In ɗayansu ya samu tangarɗa, kafin sati ya zagayo an ji a tukunya. Wanda ya kai shekara talatin a garin nan ya ga yunwar 2005, ya ga Najeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 har Disamban 2020, ya ga takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, lokacin da wuta ta ɗauke, kaya suka yi tashin gwauron zabi, sannan ya ga ruwan daminar 2024 yana kwantar da gidajen ƙasa. Ban da waɗannan da suka shafi kowa, akwai wanda ke shiga gida ɗaya shi kaɗai: jinya mai tsawo, rasuwar maigida, karayar jari, mutuwar aure, ko ƴan bindiga su taso mutum daga gonarsa a yankin Madarunfa ko Gidan Rumji.

Abin da na lura da shi shi ne, ba kasafai musibar ce ke ƙarasa gida ba. Ɓoye-ɓoye da gaggawa su ke ƙarasa shi. Maigida ya ɓoye wa iyalinsa halin da ake ciki har wata uku, ana ci ana kashewa kamar da, ranar da asiri ya tonu kuma sai a sayar da abin da bai kamata a taɓa ba, a rabin kuɗinsa. Matakan da ke biye duk a kan toshe waɗannan ƙofofi biyu suke.

Mataki na farko: a dakata

Ranar da abin ya faru da kwana biyu ko uku da ke biye ba ranakun yanke shawara ba ne. Kada a sa fili a kasuwa, kada a furta saki, kada a ɗauki jaka a kama hanyar Agadas. Dillalai kan ji labarin wanda ya shiga matsi tun kafin danginsa su ji, kuma tayin da za su yi maka a ranar ba shi ne kuɗin kayanka ba.

Abu uku kawai ke da gaggawa. Na ɗaya, marar lafiya a kai shi likita. Na biyu, yara su ci su kwanta a wurin da ba hatsari. In ruwa ya jiƙa ginin ƙasa ko bango ya tsage, kada kowa ya kwana a ciki ko da an ɗauke ruwa, domin bangon da ya sha ruwa yana iya faɗuwa cikin dare ba tare da ɗigon ruwa ko ɗaya ba. Na uku takardu: na haihuwa, katin ɗan ƙasa, na fili ko gona, na lakwal, na likita. A haɗa su cikin leda guda, a ɗauki hotonsu da salula a tura wa wani amintaccen ɗan'uwa ya ajiye.

Mataki na biyu: a zauna a faɗa wa juna gaskiya

Wannan shi ya fi yi wa maza nauyi, kuma shi ne ginshiƙin sauran. Bayan isha'i, yara sun kwanta, maigida ya kira matarsa ya faɗa mata abin da ake ciki dalla-dalla: nawa aka rasa, nawa ake binsa, me ya rage. Ba sai an yi dogon sharhi ba. Ya isa a ce, “Uwargida, kayan da na aika an riƙe su, jarin ya tafi. Alhaji na bina jika 300. Abin da ke hannuna ba zai kai mu wata biyu ba. Ina son mu duba tare.” Mace da aka gaya wa haka takan rage awo tun washegari, ta san abin da za ta jinkirta, wani lokaci ma ta fito da dabarar da namiji bai taɓa kawowa a ransa ba. Wadda aka bari cikin duhu kuwa, in ta ga cefane ya ragu fuska ta ɗaure, abin da za ta fara zato shi ne aure ake nema ko kuɗin na zuwa wani wuri.

In mata biyu ne ko fiye, a tara su zama ɗaya a faɗa musu magana ɗaya. In aka gaya wa ɗaya aka bar ɗaya, an ƙara wata fitina a kan wadda ake ciki. Abin da za a rage kuma a rage shi daidai a kowane ɗaki.

Manyan yara a sanar da su gwargwadon hankalinsu. Ƙanana ba sa bukatar adadi, abin da suke so su ji shi ne ba laifinsu ba ne, kuma ba wanda zai watsar da su. Yaro yana gane an shiga damuwa ko ba a faɗa masa ba.

Mataki na uku: lissafi da tiya, ba da ka ba

A samu littafin ɗan lakwal da biro. A fara da hatsi. Kada a leƙa rumbu ko a dafa buhu a ce “zai kai mu”. Uwargida ta ɗauko tiyar da take awo da ita kullum, a shimfiɗa tabarma a auna abin da ke akwai, ana ja wa kowace tiya layi. Buhu mai kilo 100 yana ɗaukar kusan tiya 40. Gidan da ke cin tiya 2 a rana, buhu ɗaya kwana 20 zai yi masa, uku kuma wata biyu. Mutane da yawa sai a wannan zaman suke gane cewa abin da suke zaton zai kai su kaka, a tsakiyar Yuli zai ƙare. Gara a san haka a watan Maris, lokacin da tiya ba ta yi tsada ba, da a sani a Agusta.

Daga nan a rubuta shafi huɗu: kuɗin da ke hannu, waɗanda ake bi bashi, waɗanda ke bin gidan, da kadarar da ake da ita, daga kaza har gona, kowace da sunan mai ita. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, zan dawo kansa.

Sai a jera kashe kuɗi bisa fifiko: abinci, magani, ruwa da haya, abin juya sana'a, karatun yara. Duk abin da ke ƙasa da wannan ya jira. Anko, ramuwar biki, katin waya na hira, shayin fada, sabon ɗinki. Ramuwar biki ita ta fi wuya ga mata, don ana jin kunyar a ce wance ta kasa. Hanyar ita ce a je da ƙafa a gaya wa ƙawa tun kafin ranar: “Ƙawata, kin san halin da muke ciki, naki yana wuyana, in Allah ya hore zan kawo.” Kuma kada maigida ya nemi a rage miya shi yana nan da goronsa da sigarinsa da shayinsa. In za a rage, daga aljihunsa za a fara.

Mataki na huɗu: abin da ake sayarwa da wanda ba a taɓawa

A nan ne gidaje ke rabuwa, wasu su farfaɗo cikin shekara, wasu su nutse har abada. Ƙa'idar ita ce, a fara da abin da ba ya kawo komai, a bar abin da ke kawo abinci zuwa ƙarshen ƙarshe.

A fara da kayan da ke ajiye: salula ta biyu, talabijin, rarar tufafi da kwanoni. Sai kaji da zabi. Sai bunsuru da rago. Akuya mace a riƙe ta iyakar iyawa, musamman jar akuyar nan tamu ta Maradi, wadda ta shahara da yawan haihuwar tagwaye da nono. Wanda ya sayar da ita ya sayar da nonon yara da ƴaƴan da za ta haifa baɗi. In dole sai an sayar da dabba, a yi da wuri tun tana da jiki. A ƙarshen rani dabba ta rame, kowa na kai tasa kasuwa, hatsi kuma ya hau, sai ka ba da akuya ka karɓo abin da bai kai rabin buhu ba.

Keken ɗinki, mashin ɗin kabu-kabu, amalanke da santa ko jakinta, injin niƙa, kaskon tuya, injin ban ruwa na mai lambu a Jiratawa ko bakin Gulbi, waɗannan ba a sayar da su don a ci. Kuɗinsu wata biyu zai yi, daga nan ba kuɗi ba sana'a. In mai sana'ar ne ke kwance, a ba wani amintacce ya yi aiki da su yana kawo balas kullum ko kowane sati.

Gona kuwa ita ce ta ƙarshe. Ƙasar noma a kudancin jihar Maradi ta yi wa jama'a kaɗan, wanda ya sayar da tasa da wuya ya sake mallakar wata. In an ƙure, jingina ta fi sayarwa, amma jinginar baka ita ce ta cinye gonakin mutane da yawa: wanda ya ba da kuɗi ya rasu, ƴaƴansa su ce saye ubansu ya yi. Tun dokar karkara ta 1993 akwai hukumomin filaye da ake kira COFO, har a matakin gari ƙarƙashin mai gari, kuma suna ba da takardar shaidar jingina, aro, haya ko sayarwa. A je a rubuta adadin kuɗin, iyakokin gonar da sharaɗin fansa, a gaban shaidu, kowa ya riƙe kwafinsa. Haka nan a guji karɓar kuɗi ko tiya a tsakiyar damina da sharaɗin biya da dammuna a kaka. Wanda ya shiga wannan, yakan gama girbi ya ga rabin amfanin ya bi mai bashi, baɗi kuma ya koma wurinsa tun da wuri.

Yanzu maganar sunan mai kaya. Akuyar mace, ɗan kunnenta, gadonta, kayan ɗakinta da abin da ta noma a gamanarta nata ne, a addini da al'ada. Mata da yawa kan miƙa su da kansu in gida ya shiga matsi, kuma wannan alheri ne da ya cancanci a riƙe shi. Amma roƙo ake yi, ba umarni ba. A ce mata rance ne, a rubuta a littafin nan, kuma a biya. Na ga auren da ya tsallake talauci lafiya, ya zo ya mutu bayan sauƙi ya samu, saboda an sayar da zinariyarta an yi shiru, da kuɗi suka dawo sai aka yi mata kishiya da su.

Mataki na biyar: ka riga mai bashi zuwa

Kashe waya da sauya hanya ba sa rage ko dala. Abin da suke ragewa shi ne mutunci, wanda shi ne jarin ɗan kasuwar Maradi na gaskiya, tun da yawancin kaya a nan bisa amana ake ɗaukarsu. Ka je da kanka, da safe, kafin a aiko. Ka gaisa, ka faɗi abin da ya faru, sannan ka zo da tsari a hannu: “Alhaji, ban zo da kuɗinka duka ba, kuma ba zan yi maka ƙarya ba. Ga jika 20. Ina roƙon ka bar ni in riƙa kawo jika 10 duk Juma'a har in gama.” Ka faɗi abin da za ka iya, ko da kaɗan ne. Alkawarin jika 5 da ake cikawa ya fi na 50 da ake saɓawa.

In ana jin nauyi, a tafi da dattijo ko limamin unguwa. Alƙur'ani a cikin Suratul Baƙara ya umarci mai bin bashi ya saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, kuma aya mafi tsawo a cikinsa, ta 282 a wannan surar, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Don haka neman a rubuta ba rashin yarda ba ne. Kada kuma a ci sabon bashi mai ruwa don biyan tsoho.

Ka bi naka bashin ma. Akwai masu jin kunyar tambayar kuɗinsu alhali yaransu na kwana da yunwa.

Mataki na shida: neman taimako

A nemi abu takamaimai daga mutum takamaimai. “Muna cikin wani hali” addu'a kawai take jawowa. “Yaya, ina neman buhu ɗaya na hatsi zuwa kaka,” ko “Kawu, ka riƙe mini kuɗin lakwal na yaron nan bana,” wannan ana iya amsa shi da e ko a'a. A raba nauyin, kada a jibge shi kan ɗan'uwa ɗaya don shi ke Yamai ko Kano. In an turo kuɗi ta Nita ko Amana, a sanar da shi abin da aka yi da su, hakan ke sa gobe ya sake.

Mata suna da wata ƙofa da ta samo asali a nan jihar. A 1991 ne ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a yankin Maradi, inda mata ke zuba ɗan abin da suka iya duk sati cikin asusu, suna ranta wa juna, daga baya tsarin ya bazu ƙasashe da dama. Wadda ke ciki kada ta fita don matsi, ta nemi a rage mata zubi. Wadda za ta shiga ta tambayi sharuɗɗan rance tun farko, don wasu ƙungiyoyin na ɗora ƙari. A kuma riƙa bibiyar mai unguwa da ma'aikatar magajin gari, ta nan ake jin lokacin da OPVN, hukumar rumbun abinci ta ƙasa, ke fito da hatsi mai rahusa, ta nan kuma ake rubuta waɗanda ambaliya ta shafa. Wanda bai je an rubuta shi ba, ba ya cikin lissafi.

In shawara ta tsaya a kan maigida ya tafi bida, kada ya fita sai ya bar awon da aka ƙidaya, ya damƙa gidan a hannun wani da sunansa, ya faɗi inda za shi da lokacin da za a ji daga gare shi.

Mataki na bakwai: lafiyar jiki da ta zuciya

Damina ita ce lokacin da rumbu ke ƙarewa, ita ce kuma lokacin zazzaɓin cizon sauro, shi ya sa yara ke faɗuwa a watannin nan. Tun 2006 duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 da awon ciki kyauta ne a likitocin gwamnati, ko da yake wani lokaci a rubuta maka magani ka saya a waje, don haka a ɓoye ɗan wani abu saboda wannan kaɗai. Zazzaɓin yaro kada ya kwana biyu a gida. Masu rabon maganin rigakafin zazzaɓi da ke bi gida-gida duk wata a damina, a karɓa a kuma cika kwana ukun. In zawo ne, kafin a isa likita a dama ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta a riƙa ba shi. Yaron da ƙafafunsa biyu suka kumbura, ko aka auna damtsensa ya faɗa ja, wato ƙasa da milimita 115, tamowa ce mai tsanani, a kai shi a ranar. In abinci ya yi kaɗan, mai ciki, mai shayarwa da ƙananan yara su ake fara zuba wa. Zogale, wake da ƙuli-ƙuli ba su da tsada, kuma suna riƙe jikin yaro fiye da kunu zalla.

Manya kuma damuwa ke cinsu a ɓoye. Mutum ya daina barci, ya daina cin abinci, ya daina zuwa masallaci da fada, abu kaɗan ya hau faɗa. Wasu samari da magidanta a nan suke faɗawa tramol. Salla, addu'a da karatun Alƙur'ani suna sanyaya zuciya, haka samun mutum ɗaya mai riƙe sirri da za a amayar wa abin da ke ciki. Amma in abin ya wuce sati biyu yana ƙaruwa, a je asibiti, wannan ciwo ne da ake magani. Wanda ya fara cewa gara ya mutu ya huta, kada a ce wasa yake, kada a tsaya yi masa faɗa. A zauna da shi, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwari da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, a kai shi likita.

Mataki na takwas: kada matsi ya ci aure da yara

Ku yi yarjejeniya tun farko: ba maganar kuɗi a gaban yara, ba gori, ba kiran saki cikin fushi. In rai ya ɓaci, namiji ya sa takalmi ya fita har ya huce. In abin ya fi ƙarfinku, Suratun Nisa'i aya ta 35 ta nuna hanya, a samo mai sulhu ɗaya daga danginsa, ɗaya daga nata. A zaɓi masu hankali, ba masu zuga ba. Duka kuwa ba ya cikin abin da ake ce wa mace ta yi haƙuri da shi. In ya kai nan, ta tafi inda za ta tsira, magana ta je gaban iyaye, mai unguwa, fadar sarki ko jastis.

Yara su ci gaba da zuwa lakwal da makarantar allo. In kuɗin mai zaman kanta ya gagara, a mayar da su ta gwamnati, ba gida ba. Kada kuma a aurar da yarinya ƙarama don a rage baki ɗaya ko a ci sadakinta. Sau da yawa takan dawo da ciki ko goyo da lalurar haihuwa, nauyin ya ninka.

In rasuwa ce

A kai sanarwa a karɓi takardar mutuwa da wuri, don in wa'adi ya wuce sai an bi ta jastis, kuma ba a taɓa haƙƙin ma'aikaci ko kuɗin banki sai da ita. Kada a ƙarar da abincin marayu wurin ciyar da masu gaisuwa. Matar mamaci tana takaba wata huɗu da kwana goma a ɗakinta, mai ciki kuma har ta haihu, ba mai ikon fitar da ita. Daga dukiyar ana fara cire kuɗin jana'iza, sai bashi, sai wasiyya da ba ta wuce sulusi ba, sannan gado. Mata na da tumuni in akwai ƴaƴa, rubu'i in babu. A ware kayanta na kanta kafin a fara lissafi, a kira malami masani ya raba a rubuce, kuma ƴaƴa mata su karɓi rabonsu na gona a hannu, kada a ce yana wurin yayyensu.

Mataki na ƙarshe: in sauƙi ya fara zuwa

Kuɗin farko da suka shigo ba na ramuwar biki ba ne. A fara da bashin da ke da wa'adi, sai fansar gona, sai mayar wa uwargida abin da ta ba da, akuya a madadin akuya. A Oktoba da Nuwamba, lokacin da sabon hatsi ya cika kasuwa tiya ta sauko, a sayi abin da za a iya a ajiye, ko buhu ɗaya ne. Wake a zuba shi a buhun PICS mai rufi uku a ɗaure kowane rufi tam, zai kai bazara ƙwari ba su taɓa shi ba. Littafin lissafin kuma kada a jefar da shi, a riƙa buɗe shi tare farkon kowane wata, ana sake auna abin da ya rage a rumbu.